Tsakuwar ado ta ƙi zama wuri ɗaya, me zan yi mata?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masu lambu da maginan da ke cikinmu. Na zuba farar tsakuwar ado, irin 'yar mulmulalliyar nan mai santsi, a hanyar da ta taso daga ƙofar shiga zuwa baranda, da kuma kewayen furanni. Ranar da aka zuba abin sai wanda ya gani. Yanzu kuwa kullum tana kan tafiya. Wata tana cikin ciyawa, wata a bakin kwata, wata har falo yara ke shigo min da ita a ƙasan takalmi. In aka yi ruwa kuma sai ƙasa ta bayyana daga sama, tsakuwar ta gangara ta taru a can ƙasa. Na ga ana tallan wani gam da ake fesawa ya riƙe ta. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Yana aiki ko asarar kuɗi ne?

Sadiq:
Wa alaikumus salam Anti. Yana aiki wallahi, ni shaida ne. Fari ne in yana jiƙe, in ya bushe ba a ma ganinsa. Ki sirka shi da ruwa yadda aka rubuta a jikin robar, ki zuba a injin feshi, ki bi kan tsakuwar, in ya sha iska ki ƙara bi. Tawa har tsintsiya nake sa mata ba ta motsi.

Baba Lawal Birkila:
'Yata, kafin ki sayi komai amsa min waɗannan. Me aka shimfiɗa a ƙarƙashinta? Zurfinta ya kai nawa? Akwai wani abu da ya tare ta a gefe, ko haka kawai ta haɗu da ciyawa? Sannan ruwan rufin gidan ina yake sauka?

Maman Hanifa:
Baba ina wuni. Baƙar leda mai kauri aka shimfiɗa, wai don kada ciyawa ta fito. Zurfi kuma na sa yatsa yanzu, ya nutse gaba ɗaya bai taɓa ledar ba. Gefe babu komai. Indararo ɗaya yana zuba daidai farkon hanyar, ta wajen baranda.

Baba Lawal Birkila:
To ai kin gama ba da amsa da kanki. Dutse mai santsi, a kan leda mai santsi, an tula shi da yawa, babu bango, ga indararo a kansa. In ya zauna ma ai shi ne abin mamaki. Ki fesa gam a haka an bar jaki ana dukan taiki.

Injiniya Bashir:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗan buɗe maganar. Tsakuwa ba ta tafiya da kanta, ƙafa ce ke ture ta, ruwa kuma ya kwashe ta. Abin da ke sa wata ta jure wata ta kasa shi ne siffarta. Tsakuwar rafi ruwa ya daɗe yana goge ta har ta rasa kusurwa, saboda haka in kika taka, kowace ƙwaya sai ta mirgina kan 'yar'uwarta ta nemi gefe. Fasasshen dutse, wanda inji ya farfasa, yana da baki da kusurwa. In nauyi ya hau shi ƙwayoyin cije juna suke yi, iya takawa iya ƙara zama.

Ku duba layin dogo. Ba za ku taɓa ganin an zuba mulmulallen dutse a ƙarƙashinsa ba, kullum fasasshe ne mai kaifi, don shi ne zai ɗauki nauyin jirgi da girgizarsa bai watse ba. Wannan dabara tsohuwa ce. John McAdam, mutumin Sikotilan da ya canza yadda ake gina hanya a farkon ƙarni na 19, abu biyu ya nace a kansu: a fasa dutse ƙanana masu kusurwa, kuma a tabbata ruwa bai kwanta a ƙarƙashin hanya ba. Hanyar lambu ma dokarta ke nan, ƙanƙanta kawai ta yi.

Sai zurfi. Mutane suna zaton in aka tula da yawa ya fi zama, alhali akasin haka ne. Santimita 4 zuwa 5 ya wadatar a hanyar ƙafa. Da zarar ya kai 8 ko 10, ƙafa nutsewa take yi, kuma duk abin da ƙafa ta nutse a ciki sai ta watsa shi in za ta fito. Naki da ya shanye yatsa ya kusa ninka abin da ake buƙata.

Abu Safwan:
Duk wannan dogon Turanci ne. Ki samu siminti buhu ɗaya, ki barbaɗa shi busasshe a kai, ki bi da tsintsiya ya shiga tsakani, ki yayyafa ruwa. Gobe ko mota ce ta hau ba abin da zai motsa.

Baba Lawal Birkila:
Abu Safwan, don Allah kada ka sa ta ɓata dutsenta. Na fasa irin wannan aikin a gidaje da yawa. Simintin da aka barbaɗa ba ya haɗuwa, sama ya daskare ƙasa yana gari. Farar tsakuwa ta koma ruwan toka, kuma ba ta ƙara wankuwa har abada. Bayan 'yan watanni ya tsattsage ya riƙa ɗagowa ɓawo-ɓawo, ciyawa ta samu tsaga ta fito. Ruwan da da yake nutsewa kuma yanzu gudu zai yi a kai ya je ya ci wani wajen. In daɓen siminti take so a yi mata na gaskiya, a dama kankare, a jera dutsen a kai tun yana ɗanye, a wanke fuskarsa. Amma wannan ya tashi daga tsakuwar lambu.

Abu Safwan:
Nawa dai yana nan Baba.

Baba Lawal Birkila:
Turo hotonsa mu gani.

Sadiq:
Injiniya, ni fa ban yarda a kore gam haka kawai ba. Ba kowa ke da halin tone hanya a sake ta daga tushe ba. Anti tambaya ta yi ko yana aiki, kuma yana aiki.

Injiniya Bashir:
Ban kore shi ba Sadiq. Taka tsakuwar a ina take?

Sadiq:
Gindin katanga, tsakanin tukwanen fulawa.

Injiniya Bashir:
Wato inda ba a takawa, ruwa ba ya gudu, katanga kuma ta tare gefe ɗaya. A irin wannan wurin gam yana da amfani sosai, musamman don a iya share ganye ba a kwashe dutse ba. Amma ka san abin da yake yi: ƙwayoyin sama kawai yake liƙewa, a ɗan wurin da suka taɓa juna. Mulmulallen dutse kuwa wurin taɓawarsa kaɗan ne ƙwarai. Na ƙasa suna nan a sake. In aka taka, na ƙasa su zame, ɓawon sama ya karye. In ruwan indararo ya shiga ta ƙarƙashi, ledar nan za ta kai shi har ƙarshen hanya, ya kwashe na ƙasa ya bar na sama a rataye. Ga shi rana da ruwa suna cinye shi a hankali, dole a riƙa sabuntawa. Kuma yana son dutse wankakke busasshe, da yini ɗaya ko biyu babu ruwan sama. In da ƙura a jikin dutsen, ƙurar gam ɗin zai kama.

Akwai wani daban da mutane ke ɗauka ɗaya suke da gam ɗin feshi, wanda ake gauraya ƙananan tsakuwa da rezin, wato wani irin gam mai kauri da ke daskarewa, a cikin inji, a shafe shi da cokalin magini kamar filasta, kaurin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan yana ɗaukar ƙafa har da mota, ruwa kuma yana ratsa shi. Sai dai a kan kankare ko kwalta ake yinsa, dutsen kuma dole ya bushe ƙarau, don danshi kaɗan ke ɓata rezin ɗin. In ba a sayi mai jure hasken rana ba, rawaya yake komawa, a kan farin dutse kuwa abin ba kyan gani. Aikin masu sana'ar ne, ba na yammacin Asabar ba.

Maman Hanifa:
Yanzu dai kun tsorata ni. Wato duk farar tsakuwar nan zubarwa zan yi?

Hajiya Rabi:
A'a ƙanwata, ba mai zubar da komai. Ki kwashe ta daga hanya, ki wanke, ki mayar da ita inda ido ke gani ƙafa ba ta zuwa: saman tukwane, gindin katanga, cikin wani ɗan fili da aka kewaye. A can Sadiq ya zo ya fesa miki gam ɗinsa in yana so.

Amma ni ledar nan ce ta fi damuna, tunda kin ce har kewayen furanni. Ki cire ta yau in da hali. Saiwa tana numfashi. Leda ba ta barin ruwa ya shiga, ba ta barin iska ta shiga, in kika ɗaga za ki tarar da ƙasar ko dai ta bushe ƙamas ko ta yi tsami tana wari, saiwoyi kuma sun taso sama suna neman rai. Sannan ki ja tsakuwar baya daga jikin kowace shuka, ki bar kamar faɗin tafin hannu. Dutse yana ɗaukar zafin rana ya riƙe, fari kuma yana mayar da haske kan ganye, shuka mai laushi sai ki ga gefen ganyenta ya ƙone.

Wani abu kuma, ki ɗiga ruwan khal a kan ƙwaya ɗaya. In kika ga 'yar kumfa tana tashi, mabul ne ko dutsen farar ƙasa, kuma a hankali yana rage tsamin ƙasa. Wasu shukoki ba ruwansu, amma irin su gadeniya da lemo sai ganyen ya yi ɗorawa jijiyoyin suna kore, ki yi ta zuba taki ba ki san daga ina abin yake ba.

Injiniya Bashir:
Hajiya na yarda a cire leda, amma a ƙarƙashin hanya dole a sa wani abu a madadinta. Akwai ƙyallen shimfiɗa na musamman, mai kama da bargo, wanda ruwa ke ratsawa. Aikinsa raba dutse da ƙasa. In babu shi, duk sanda ƙasa ta jiƙe aka taka sai dutse ya nutse laka ta taso, shekara biyu ki nemi rabin tsakuwarki ki rasa. Kuma da yake yana da gashi-gashi, dutse ba ya zamewa a kansa.

Hajiya Rabi:
A hanya ban ƙi ba. A cikin shuka ne ba na so, ko wane iri ne. Masu sayarwa suna cewa yana hana ciyawa, shekarar farko ce kawai. Ciyawar da ke fitowa a tsakuwa yawanci ba daga ƙasa take tasowa ba. Ƙura da ruɓaɓɓen ganye ke taruwa tsakanin duwatsun, iska ta kawo iri, ya tsiro a sama, saiwarsa ta huda ƙyallen ta kama shi. Ranar da kika zo cirewa sai ki ɗago ƙyallen gaba ɗaya. Ga shi ba ki da damar zuba taki ko raba shuka sai kin yanka. Ni tsakuwata kai tsaye take a kan ƙasa a cikin furanni, in ta ragu in ƙara.

Injiniya Bashir:
To kin ga ke kin yarda ki riƙa ƙarawa.

Hajiya Rabi:
Na yarda mana. Gara in ƙara dutse da in rasa shuka.

Ummi:
Ni fa ina ganin hotunan lambunan Japan, farar tsakuwa shimfiɗe an yi mata layi-layi, ba gam ba siminti, kuma tana zaune lafiya. Su me suke yi?

Malam Nura:
Abin da suke yi shi ne ba sa takawa. Shahararren cikinsu, na haikalin Ryoan-ji da ke Kiyoto, fili ne shafaffe da katanga ta kewaye, da manyan duwatsu 15 a ciki. Baƙi daga baranda suke zama su kalla. Mai shiga kawai shi ne mai jan manjagara, yana tafiya yana share sawunsa. In da yara uku da keke za su bi ta kai sau ɗaya da kin ga yadda layin zai koma.

Ummi:
Haka ne kuma. Namu lambun har ƙwallo ake bugawa a ciki.

Baba Lawal Birkila:
Mu dawo kan indararo, don in ba a kashe wannan ba duk sauran wasa ne. Injiniya yi mata lissafi ta gani.

Injiniya Bashir:
Lissafin ba wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. A ce ɓangaren rufin da ke zuba ta indararon nan murabba'in mita 60 ne, aka yi ruwa milimita 25, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne. Lita 1,500 ke nan, durom bakwai da rabi na mai lita 200, duk ta baki ɗaya, daga sama, a kan ledar da ba ta shan ko ɗigo. Babu gam ɗin da zai tsaya gaban wannan.

Mafita uku ce, ki zaɓi wadda ta dace da gidan. Ko a sa bututu ya sauko da ruwan ya bi ta ƙarƙashin hanya zuwa kwata. Ko a tara shi a tanki ki riƙa ban ruwa da shi, amma a yi wa tankin hanyar ambaliya. Ko kuma a haƙa rami inda yake sauka, nesa kaɗan da tushen gini, a shimfiɗa ƙyallen nan, a cika da manyan duwatsu masu girman dunƙulen hannu. Su ruwa ba ya iya ɗaga su, suna karya ƙarfinsa ya nutse a hankali. Wannan na ukun in ƙasarki mai shan ruwa ce. In yumɓu ce ramin cika zai yi ya tumbatsa.

Maman Hanifa:
Bututun zai fi min sauƙi, kwatar ba nisa. To gefen fa Baba? Na ga wasu suna jera jan bulo a karkace, kamar haƙoran zarto, yana burge ni.

Baba Lawal Birkila:
Yana da kyau a ido amma ba ya tare ƙaramin dutse. Tsakanin haƙori da haƙori akwai kwari, ta nan tsakuwa ke fita. In jan bulo kike so a kafa shi a tsaye ko a kan gefensa, a manne da juna. Ga yadda nake yi. In ja igiya tsakanin turaku biyu don layi ya miƙe. In haƙa 'yar kwata da faɗin shebur, in daɓe gindinta. In zuba kankare mai ɗan tauri kamar santimita 5, in dasa bulon a kai ina bugawa da gudumar roba har kansa ya yi daidai da igiya. Sai abin da yawancin yara ke tsallakewa: a bayan bulon, ta ɓangaren ciyawa, in tara kankare a jingine har rabin tsayinsa, in shafe shi a gangare, in rufe da ƙasa. Wannan majinginar ita ke hana shi kwantawa in an taka ko baro ya buge shi. Bulon da aka dasa a ƙasa kawai, ruwa biyu zai yi ya fara leƙen waje.

Kan bulon ya ɗara tsakuwa da santimita 2 zuwa 3. In suka yi daidai wa daida ba ki yi komai ba. In ya yi tsayi da yawa kuma tuntuɓe ne, balle da dare.

Malam Nura:
Wanda hanyarsa ke da lanƙwasa, ƙarfen gefe ya fi bulo sauƙi. Siririn faranti ne dogo da ake kafawa da turakun ƙarfe, yana bin kowace kwana, kuma da ƙyar ake ganinsa. A nemi wanda aka yi wa rufin hana tsatsa ko na alminiyom, a tabbata bakin sama a naɗe yake saboda ƙafar yara. Na roba mai araha rana ke sa shi ya yi laushi ya karkace. Katako kuwa ko an yi masa magani, zama cikin danshi da gara ba sa barinsa ya daɗe.

Sadiq:
Baba duk wannan aikin kafin mutum ya ga fari a gidansa? Ni dai robar gam ɗaya, minti talatin na gama.

Baba Lawal Birkila:
Ɗana, kai kana gamawa kowace shekara, ni sau ɗaya nake gamawa.

Sadiq:
Na ji wannan Baba. Amma a gindin katanga dai ni ne da gaskiya.

Baba Lawal Birkila:
A gindin katanga na bar maka.

Maman Hanifa:
Hanyar tana da ɗan gangare, shi ma matsala ne? Ban san yadda zan auna ba.

Injiniya Bashir:
Samu siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, ki cika shi da ruwa, ki tabbata babu kumfar iska. Kafa sanda a saman hanya da wata a ƙasa. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyon a jikin wannan, wani a jikin waccan. Ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a duka ɓangarorin, sai ku yi alama. Auna daga kowace alama zuwa ƙasa, bambancin shi ne saukar. Ki raba da tsawon hanyar. In ya fito santimita 2 ko 3 a kowace mita, wannan alheri ne, ruwa zai sauka dutse ya zauna. In ya haura 5 tsakuwa a sake za ta riƙa rarrafawa ƙasa ko da fasasshiya ce. A nan abu biyu ake yi. Ko a gitta bulo a tsakiyar hanyar jefi-jefi, ta zama matakala masu faɗi, kowane mataki shafaffe yana riƙe da nasa dutsen. Ko a sa faifan roba mai ramuka irin na saƙar zuma.

Ummi:
Wannan saƙar zumar na taɓa gani, ashe aikinta ke nan.

Injiniya Bashir:
Shi ne. Faifai ne mai kaurin santimita 3 zuwa 4, ana haɗa su baki da baki a kan daɓaɓɓen tushe, a cika ramukan da tsakuwa, a ɗora kamar santimita 1 zuwa 2 a kai don ya ɓuya. Kowane rami ya zama ɗan akwati, dutse ba shi da inda zai je. Keken yara, baro, keken guragu duk suna wucewa ba nutsewa. Kuma Maman Hanifa, in zuciyarki ta kafe sai farar mulmulalliyar a hanya, wannan ce kaɗai dabarar da zan yarda ki gwada, in dai ƙwayar ta shiga ramin da kyau. Na saman dai za su riƙa ɗan motsi, kina bi da manjagara lokaci-lokaci.

Amma faifan ba ya gyara tushe marar kyau. Jerin daga ƙasa shi ne: a cire ƙasar sama mai saiwa, a daɓe, a shimfiɗa ƙyalle ana ɗora baki kan baki kamar santimita 15, a zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa santimita 7 zuwa 10 a jiƙa a daɓe sosai, sannan tsakuwar ado. Mai garin shi ke ɗaukar nauyi, ta adon riga ce kawai.

Hajiya Rabi:
Ni abin da ya fi yi min aiki ma ya fi wannan sauƙi. Fale-falen siminti na jera a tsakiyar hanya, taku-taku, tsakuwa ta cika tsakaninsu. Mutum da kansa kan falen yake takawa, ba sai an ce masa ba. Ki sa wani ya yi tafiyarsa ta yau da kullum a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda sawunsa ya faɗa nan za a ajiye su. Su ɗan ɗara tsakuwar kaɗan don kada ta hau kansu, mulmulallen dutse a kan fale santsi ne mai kayar da tsoho. A bakin baranda kuma ki shimfiɗa fale cikakke kamar taku biyu, duk abin da ya maƙale a takalmi a nan zai zube kafin a kai tayil.

Malam Nura:
Maganar maƙalewa a takalmi, girman ƙwaya ne. 'Yar milimita 6 zuwa 10 ita ke shiga tsagar ƙasan takalmi. Ta 14 zuwa 20 ba ta shiga, ta fi nauyi, tsintsiya ma ba ta cika ɗaukarta ba. Sai dai ba ta da daɗin takawa in babu takalmi.

Ummi:
Kuma kyanwa! Tawa ƙaramar tsakuwar kyanwoyin unguwa sun mayar da ita banɗaki.

Malam Nura:
Ita ma girman ne. Abin da za ta iya tonawa take nema. Ta milimita 20 mai kusurwa ba ta son ta a tafin ƙafarta. Kaji kuwa babu girman da ya gagare su sai an kai ga manyan duwatsu, su shinge ne maganinsu.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Hanyar na auna, tsawo mita 10, faɗi mita 1 da santimita 20. Fasasshen na ado nawa zan nema?

Injiniya Bashir:
10 sau 1.2 ya ba da murabba'in mita 12. A zurfin santimita 5, wato 0.05, ya zama 0.6 na kubik mita. Kubik ɗaya na tsakuwa yana kai tan ɗaya da rabi zuwa sama kaɗan, saboda haka kusan tan 1 kike buƙata. In za ki sa fale-falen Hajiya zai ragu. Ki ajiye 'yan buhuna a gefe daga wannan lodin, don in kin koma saye daga baya da wuya launi ya zo ɗaya. Kuma ki ce wankakke kike so, in ba haka ba ruwan farko zai sauke ƙurar ta toshe ƙyallen.

Abu Safwan:
In ya zo da ƙura ai sai a tace da rariya a bi da tiyo a cikin baro, ba wani abu ba ne.

Baba Lawal Birkila:
Yau dai ka faɗi daidai. Ka karkata baron ruwan ya riƙa fita, kana juyawa da shebur har ya fito garau.

Maman Hanifa:
Tambaya ta ƙarshe Baba. In aka kewaye hanyar da bulo ta kowane gefe aka manne, ruwan saman da ya sauka a cikinta ba zai taru a can ƙasa ya zama tafki ba?

Baba Lawal Birkila:
Zai taru in maginin bai bar masa ƙofa ba. A ƙarshen gangaren, ki ce ya bar tsaga biyu ko uku tsakanin bulo ba siminti, faɗin yatsa, tun daga gindi. Ta ciki a jingina guntun ragar waya mai ƙananan ido, a danne da manyan duwatsu biyu-uku, ruwa ya wuce tsakuwa ta tsaya. Ta waje kuma a sa masa 'yar hanya zuwa kwata, kada ya fito ya kwanta a gindin bulon. In ganye ya zuba ki riƙa leƙa tsagar kina zaƙulewa da tsinke, don nan ce ke fara toshewa.